Adireshin Kula da Na'urorin Raba Intanet

Adireshin kula da na'ura lambar IP ce, wato lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa, da kamfanin intanet ke sa wa kowace na'urarsa, domin injiniya ya riƙa shiga cikinta daga nesa, ya duba lafiyarta, ya canza saiti, ko ya kashe ta ya kunna. Ba ita ce lambar da kwastoma ke hawa intanet da ita ba. Na'urorin da ake nufi sun haɗa da OLT, wadda wayoyin fayiba ke fita daga cikinta zuwa gidaje, da DSLAM ta layin tarho, da rediyoyin da ake ɗaurawa a kan ƙarfen sabis. Waɗannan na ƙarshe su ne ƙashin bayan sadarwa a karkarar Kano da Jigawa.

Yawanci ana ɗebo lambobin ne daga rukuni uku da takardar RFC 1918 ta 1996 ta ware don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Ba sai an nema a wurin AFRINIC, mai raba adireshi a Afirka, ba, kuma ba sa yawo a buɗaɗɗen intanet. Rukunin farko kaɗai yana da lambobi 16,777,216, amma duk da haka sai da ya yi wa kamfanin Comcast na Amurka kaɗan, har ya koma kula da na'urorinsa ta IPv6, sabon tsarin adireshi mai lambobi masu yawan gaske.

Manyan na'urori ana sa musu tsayayyar lamba da hannu, ƙanana kuwa DHCP, tsarin da ke raba lambobi da kansa, ke raba musu. Akwai ma waɗanda ba sa buƙata: ƙaramin akwatin fayiba na gidan kwastoma, OLT ce ke sarrafa shi ta hanyar OMCI, tsarin saƙon kulawa da ke tsakaninsu. Ana kuma ware wa adireshin kulawa VLAN nasa na musamman, wato keɓaɓɓen sashe a cikin hanyar sadarwar, don kada mai shagon kwamfuta a Ringim ya wayi gari yana kallon shafin shiga rediyon kamfani.

Kyakkyawan tsari shi ne lambar ta faɗi inda na'ura take. A misali, a bai wa shiyyar Haɗeja lambobin da suka fara da 10.20, Gumel 10.30, kowane ƙarfe kuma ya sami yankinsa na /24, wato rukunin lambobi mai ɗaukar na'ura 254. Wanda ya yi sakaci da wannan, ko bai rubuta rabon a kundi ba, wahalar tana jiransa. Sabon rediyon airMAX na Ubiquiti yana zuwa da 192.168.1.20, na'urar MikroTik kuma da 192.168.88.1, in aka ɗora biyu iri ɗaya ba a canza ba, sai su yi ta karo, wannan ta bayyana waccan ta ɓace. Barin kalmar sirrin da suka zo da ita ya fi wannan muni.

Babban haɗarin a karkara shi ne galibi hanya ɗaya ce ke ɗauke da intanet ɗin jama'a da saƙon kulawa. Injiniya yana zaune a Dutse, ya kuskure lamba ɗaya a saitin rediyon da ke Auyo, shi ke nan na'urar ta kuɓuce masa. Sai hawa babur, wataƙila da damina kogin Haɗeja ya cika ya shafe hanya, ya isa gindin ƙarfen da kwamfuta a goye, ya jona waya kai tsaye. Shi ya sa masu hankali ke ajiye hanya ta biyu, kamar ƙaramin modem mai layin waya, ko su kunna Safe Mode na MikroTik kafin su taɓa komai, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan ɗan lokaci in alaƙa ta yanke.