Waiwaye: Hoton MRI da Hasashen Sakamakon Gashin Ƙarin Jijiyar Kunne

Ƙarin da ke tsirowa a jijiyar ji da daidaita tsayuwa, wato ta takwas cikin jijiyoyin kai, wadda ke tashi daga cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa, ba ciwon daji ba ne, amma yakan toshe ji a kunne guda, ya kawo ƙara a kunne da jiri. Shekaru da dama tiyata ce kawai mafita, kuma sau da yawa ana fitowa daga ɗakin tiyata da gefen fuska a shanye.

A 1969 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin, Lars Leksell, ya fara gasa irin wannan ƙari a Sitokhom da na'urar Gamma Knife, wadda ke tattara haskoki masu yawa na sinadarin kobal a wuri ɗaya ba tare da an tsaga kai ba. Da farko ƙarfin hasken ya yi yawa, majinyata suka riƙa rasa ji, sai a shekarun 1990 aka sauko da shi zuwa gire (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha) 12 ko 13, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarin kan daina girma.

Matsalar da ta rage ta fi ɗaure kai. Watanni shida zuwa shekara guda bayan gashin, ƙarin kan kumbura, tsakiyarsa ta yi duhu a hoton MRI duk da allurar gadoliniyom da ke haskaka shi, har likita ya kasa bambance kumburin wucin gadi da gazawar magani. Idan ya yi gaggawar tiyata, ya yanka wanda da an yi haƙuri zai warke. Idan ya jinkirta, ƙarin na iya danne ƙwaƙwalwa.

Wannan ruɗani ne ya sa masu bincike suka koma ga hoton da aka ɗauka tun kafin gashin domin hasashen sakamakonsa. Bayan Philippe Lambin da abokan aikinsa a Holand sun fito da tsarin radiyomiks, wato fitar da alƙaluma daga hoton asibiti, a 2012, kwamfuta ta fara auna abin da ido ba ya gani: yadda haske da duhu suka rarrabu a cikin ƙarin, da ko yana da aljihun ruwa. A ganina, babban cikas shi ne na'urorin MRI sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti, don haka lissafin da ya yi daidai a wuri guda yakan kuskure a wani.