Saitin iska a motocin tseren Formula 1: danniya da tirjiya

Saitin iska shine yanda injiniyoyi suke daidaita fukafukai da ƙasan motar tsere mai kujera ɗaya, irin ta Formula 1, domin iskar da take bi ta jikin motar ta danna ta a kan kwalta daidai da buƙatar filin da za'a yi tseren. Abu biyu ne suke ja-in-ja a nan. Akwai danniya, wato ƙarfin da iska take danna mota ƙasa dashi har tayoyi su kama kwalta gam a kwana, sannan akwai tirjiya, wato yanda iskar nan dai take riƙe motar tana rage mata gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga ya san tirjiya, rigar ta cika da iska tana janka baya kana ƙara wuta amma babur ɗin kamar an ɗaure shi. Toh kusan duk danniyar da aka ƙara da fiffike sai ta zo da nata kason tirjiyar, shi yasa aikin gaba ɗaya ya zama ciniki.

Fiffiken motar tsere fiffiken jirgin sama ne aka kifa, na jirgi yana ɗagawa sama, wannan yana dannawa ƙasa. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, danniya da tirjiya duka sau huɗu suke ninkawa, ƙarfin injin da ake buƙata don keta iskar kuwa sau takwas. Wannan lissafin ne yasa ɗan karkata fiffike kaɗan, abinda ido ma bazai gani ba, yake cin kilomita da dama a awa a ƙarshen doguwar hanya.

Asalin abin

A shekarar 1968 fukafukai suka fara bayyana a Formula 1, a motocin Lotus da Ferrari da Brabham. Kafin kace me an ɗora su a kan dogayen sanduna, har sai da na Graham Hill da na Jochen Rindt suka karye a Barcelona a 1969 suka yi mummunan haɗari, aka hana irin waɗancan. Daga baya ƙungiyar Lotus ta Colin Chapman ta gano cewa ƙasan mota ma yana iya tsotsar ta zuwa kwalta idan aka siffanta shi yanda iska zata wuce da sauri, kuma danniyar da ake samu ta nan bata jawo tirjiya da yawa kamar ta fiffike. Da Lotus 79 Mario Andretti ya ci kambun duniya a 1978. An hana wannan tsarin a 1983, aka dawo dashi a 2022.

Monako da Monza

Waɗannan filaye biyu sune bakin iyaka ta kowane ɓangare. Monako titin cikin gari ne, tsawon zagaye kilomita 3.337, kwana kan kwana ga ƙarfen shinge dab da taya, akwai ma kwanar da sai mota ta sauko ƙasa da kilomita 50 a awa. A nan babu wanda yake damuwa da tirjiya, fiffike mafi girma ake ɗorawa a miƙe shi kamar allo, saboda babu doguwar hanyar da za'a yi asara a kai. Monza ta Italiya kuwa kilomita 5.793 ce, yawancinta a miƙe, sai kaga fiffiken baya ya koma siriri kusan a kwance. A 2020 Lewis Hamilton ya zagaye ta da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 264 a awa. Amma motar da aka rage wa fiffike wuyar sha'ani gareta, birki baya kamawa kamar da saboda babu nauyin iska a kan taya, bayanta yana rawa, direba sai ya lallaɓa ta a kowace kwana.

Inda kan injiniya yake ɗaukar zafi shine filin da ya haɗa duka biyun, kamar Spa ta Beljiyam mai kilomita 7.004, farkonta da ƙarshenta gudu zalla, tsakiyarta kwanoni masu sauri, duk wanda ka zaɓa ka san akwai inda zaka biya. Ko a Monza ɗinma an taɓa raba gari a cikin gida ɗaya. A 2010 McLaren tana da wata dabara da ake kira F-duct, direba yana toshe wani rami a cikin motar sai iska ta karkata ta kashe aikin fiffiken baya a miƙaƙƙiyar hanya. A cikin direbobinta biyu, Jenson Button ya riƙe dabarar ya ɗora babban fiffike, Hamilton ya cire ta ya sa ƙarami irin na al'ada. Button ya samu gurbi na biyu a tashi, Hamilton na biyar, ranar tsere kuma Button ya daɗe yana gaba kafin Fernando Alonso ya wuce shi wajen canjin taya. A ganina wannan misalin yafi kowane bayani, mota iri ɗaya, fili ɗaya, amsa biyu.

Meziko kuma nata daban ne. Birnin yana sama da mita 2,200 daga teku, iska ba kauri, sai a ɗora fiffike irin na Monako amma danniyar bata kai ba, gudun kuma ya wuce misali, Valtteri Bottas ya kai kilomita 372.5 a awa a can a 2016. Ga matsalar zafi, dole a buɗe ramuka a jikin mota don lagireto da birki su sha iska, kuma kowane rami da aka buɗe yana ɓata tafiyar iskar.

Gaba da baya

Ba yawan danniya kawai ake dubawa ba, harda yanda aka raba ta. Idan gaba ya gaza, direba zai murɗa sitiyari motar taƙi juyawa tana neman wucewa kai tsaye, idan kuma gaba yafi baya kamawa, bayan ne zai zame. Shi yasa lokacin canjin taya zaka ga makanike biyu sun duƙa a hancin mota da ɗan ƙarfe a hannu suna murɗa fiffiken gaba, cikin daƙiƙa biyun nan, saboda direban ya faɗa ta rediyo cewa gaba baya ci. Taya ma tana cikin lissafin, motar da take zamewa tana cinye taya da wuri, dan haka ƙaramin fiffike zai iya baka gudu a zagaye ɗaya ya kashe ka a zagaye na ashirin.

Sai tsayin mota daga ƙasa, wanda gaskiya ya wahalar da kowa daga 2022 zuwa 2025. Iya saukar da ita iya danniyar da zaka samu, amma idan ta sauka da yawa sai iskar ƙasan ta yanke motar ta ɗago, ta sake tsotsuwa, ta dinga tsalle kenan a miƙaƙƙiyar hanya. A Baku ta Azerbaijan a 2022 da ƙyar Hamilton ya fito daga mota yana dafe da baya. Kuma akwai doka, tun 1994 ake manna wani falanki a ƙasan mota mai kaurin milimita 10, idan ya goge fiye da yanda doka ta yarda an soke sakamakonka. Michael Schumacher ya ci tseren Beljiyam a 1994 aka ƙwace saboda wannan, haka aka soke sakamakon Hamilton da Charles Leclerc a Austin ta Amurka a 2023, filin da yake da gargada kuma atisaye ɗaya tak aka basu kafin a kulle saitin.

Motar da take bin wata a baya tana shiga gurɓatacciyar iska, a miƙe tana samun sauƙin tirjiya, a kwana kuma danniyarta tana raguwa. Wannan ne ya kawo DRS a 2011, ƙofa a fiffiken baya da direba yake buɗewa don rage tirjiya a wasu wurare idan tazararsa da na gaba bata kai daƙiƙa ɗaya ba. Dokokin 2026 sun maye gurbinta da fukafukan gaba da baya masu motsi, su kwanta a miƙaƙƙiyar hanya su miƙe a kwana.

Da zarar an fara zagayen neman gurbi ranar Asabar an kulle mota, kusan karkatar fiffiken gaba kaɗai aka yarda a taɓa, wanda ya canza fiffiken baya sai dai ya tashi daga layin gareji. Ruwan sama yana son babban fiffike, busasshiyar kwalta tana son ƙarami, ga Spa ana iya tafka ruwa a gefe ɗaya na filin ɗaya gefen rana ta take, dan haka tun Asabar injiniya yake zaɓar fiffiken da za'a yi tseren Lahadi dashi da hasashen yanayi kawai a hannunsa.