Ma'anar Shuɗin Allon Tunawa a Gidajen Marubuta na Landan

Shuɗin allon tunawa wani zagayayyen faifai ne na gasasshen yumɓu, mai faɗin kusan rabin mita, wanda ake dasawa a jikin bangon gida a birnin Landan domin mai wucewa ya san cewa wani mashahurin mutum ya taɓa zama ko aiki a cikinsa. Rubutun da ke kansa ba shi da yawa, domin yawanci bai wuce suna, da shekarun haihuwa da rasuwa, da abin da aka san mutumin da shi ba.

Ɗan majalisa William Ewart ne ya kawo shawarar a 1863, ƙungiyar Society of Arts ta fara aikin a 1866, kuma marubuci ne ya fara samun wannan karramawa, wato mawaƙi Lord Byron, wanda aka kafa masa allo a 1867 a gidan da aka haife shi a titin Holles. An rushe gidan a 1889, allon ma ya tafi tare da shi. Majalisar gundumar Landan ta karɓi aikin a 1901, sannan tun daga 1986 yana hannun English Heritage, ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta Ingila, kuma yanzu allunan sun haura 1,000.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, allon na gida ne kamar yadda yake na mutum. Sharaɗi ne ginin da marubucin ya zauna a ciki ya kasance yana tsaye har yanzu, kuma a iya hango allon daga titi; idan an rushe gidan an gina wani a wurin, to duk girman marubucin ba za a kafa masa ba. Haka kuma sai mutum ya shekara 20 da rasuwa, wanda a ganina hikima ce, domin yabon da ake yi wa mamaci a ranar jana'iza ba kullum yake daɗewa ba. Gida ɗaya ba ya ɗaukar fiye da allo biyu, kamar mai lamba 29 a dandalin Fitzroy, inda marubuta George Bernard Shaw da Virginia Woolf suka zauna a lokuta daban-daban.

Tasirin allon kan wuce ado. A ƙarshen 1962 mawaƙiya Sylvia Plath ta kama haya a gida mai lamba 23 a titin Fitzroy, tana murnar cewa bangonsa na ɗauke da sunan mawaƙi W. B. Yeats, kuma a can ta rasu a watan Fabrairun 1963. Da aka tashi karrama ta, sai aka zaɓi gidan da ta zauna a baya a dandalin Chalcot, kusa da wurin.

An daɗe ana ƙorafin cewa mata da kuma baƙaƙen fata ba su da yawa a jerin. A 2020 ne aka kafa allon Ottobah Cugoano a titin Pall Mall, mutumin da aka haifa a ƙasar da yau ake kira Gana, aka sayar da shi bawa, ya kuma wallafa littafin yaƙi da cinikin bayi a 1787. Allon dai ba ya ba gini kariyar doka daga rushewa, kuma ba a kafa shi sai da yardar mai gidan.