Ɗakin Samfuri na Enfield da mutumin da ya riƙe shi

A da, duk bindigar da gwamnatin Birtaniya ta amince sojojinta su riƙe, sai an ware guda ɗaya daga cikinta an ɗaura mata takarda, an buga hatimin jan kaki, an adana. Ita ce samfuri. Maƙerin da aka ba kwangila dole aikinsa ya zo daidai da ita, tun daga bakin bindiga har kunama, in an sami saɓani kuwa ita ake ɗaukowa ta raba gardama. A Hasumiyar Landan aka fara tara irin waɗannan, daga baya aikin ya koma masana'antar ƙera ƙananan makamai ta Enfield, a arewacin Landan, wadda aka buɗe a 1816. Sunan ɗakin a wurin Turawa Pattern Room, wato ɗakin samfuri.

Enfield ba baƙon suna ba ne. Can aka ƙera bindigar samfurin 1853 da injinan da aka sayo daga Amurka, don kowane ƙarfe na wannan bindiga ya shiga waccan ba sai an goga ba. Can bindigar Lee-Enfield ta fito a 1895, kuma irinta kakanninmu suka saɓa a kafaɗa a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hatta bindiga mai sarrafa kanta da ake kira Bren, rabin sunanta na garin Brno ne da ke ƙasar Czech, rabi na Enfield.

Sannu a hankali ɗakin ya wuce samfurin gida. Ana kawo makaman abokan gaba da aka ƙwato a fagen fama, da na gwaji waɗanda ba su taɓa kai wa hannun soja ba, har adadin ya haura 10,000. Abin da ya bambanta shi da gidan tarihi shi ne ba a bayan gilashi kayan suke ba. Injiniya, ko ɗan sanda mai binciken harsashi, ko marubuci, in ya sami izini, zai ɗauki bindiga da hannunsa ya kwance ta ya ga cikinta.

A nan Herbert Woodend ya shigo. Ya yi shekaru da dama yana kula da ɗakin, shi ya tsara kundin bindigogin ɗakin mai suna British Rifles na 1981, kuma littattafai masu yawa kan tarihin bindiga suna ɗauke da sunansa a shafin godiya. A ganina wannan ya isa shaida: mutum ne da bai yi rowar abin da ya sani ba.

Wahalar ta zo da rufe Enfield a 1988. Aka kwashe kayan zuwa masana'antar makamai ta Nottingham, Woodend ya bi su. Bayan fiye da shekara goma ita ma masana'antar Nottingham aka rufe ta, hankalin masu bincike ya tashi, don tarin da aka yi ƙarnoni ana haɗawa, in ya watse ba mai sake haɗa shi. Woodend ya rasu a 2003, kafin a kammala maganar. A 2005 Ma'aikatar Tsaro ta miƙa kayan ga gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds, inda suke har yau a Cibiyar Bindigogi ta Ƙasa, wadda ba a shigarta sai da izini.