Shaguna a bakin gari: tambayoyi kan yadda kasuwancin Damagaram ke fita waje

Wanda ya yi shekara goma bai taka Zinder ba, wato Damagaram, in ya shigo ta hanyar Yamai ko ta Tanut, shaguna zai fara gani kafin ya ga gari. Inda ake shuka hatsi da damina yanzu gidan mai ne, gefensa mai siminti, gefensa kuma mai gyaran waya. Ga abin da aka fi tambaya a kai.

Wannan sabon abu ne a Damagaram?

A'a. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni, tsohon garin, da ganuwa, sarauta tana ciki, fatauci yana waje. Unguwar Zango ai masaukin fatake ne da ayarin raƙuma masu saukowa daga Agadas, kuma a bayan ganuwa ya tashi. Abin da ya sauya kawai shi ne raƙumi ya ba babbar mota wuri, ita kuwa babbar mota ba ta shiga lungu, kwalta take so da filin juyawa.

Me ya sa abin ya yi sauri a shekarun nan?

Mutane ne suka ƙaru. A ƙidayar 2012 garin ya haura mutum dubu 230, kuma daga lokacin bai tsaya ba. Tsofaffin unguwanni sun cika, mai sabon aure sai ya nemi fili a baya. An kafa jami'a a 2010. A 2011 matatar mai ta SORAZ ta fara aiki kimanin kilomita 50 arewa da gari, da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, sai tankoki da direbobi da masu sayar musu da abinci suka raya hanyar Tanut. Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2018 da aka yi a garin, wanda aka kira Zinder Sabuwa, shi ma ya zo da kwalta da gine-gine. Duk inda kwalta ta bi, kuɗin filin da ke bakinta sai ya tashi.

Wa ke fara buɗe shago a sabuwar unguwa?

Ba mai atamfa ba ne. Mai buga bulo ke fara zuwa, da injinsa da tankin ruwa, don kowa gini yake yi. Sai mai siminti da rodi da kwanon rufi. Da hantsi za ka ga mai shayi ya kafa tebur ƙarƙashin bedi, magina sun zagaye shi, hannuwa fari fat da ƙura. Bayan an tare ne mai tireda ke zuwa da shinkafa, taliya, sabulu da magi, daga nan mai cajin waya, tela, da 'yan kabu-kabu da suka mayar da mahaɗar hanya tasharsu. Ranar da mai tsire ya kunna wuta da magariba, to unguwa ta zama unguwa.

Su masu gida kuwa sun gane kan abin. Yanzu mai gini a bakin hanya da shaguna uku ko huɗu yake farawa a fuskar gida, kuɗin haya su ƙarasa masa ɗakunan ciki.

To kasuwar Dole, babbar kasuwar cikin gari, za ta mutu ke nan?

Ban yarda ba. Yawancin masu shagon bakin gari a cikin gari suke sarin kaya, wasu ma yaran manyan 'yan kasuwar Dole ne da aka sallama aka buɗe musu wuri. Matar da za ta haɗa kayan ɗakin 'yarta ba za ta tsaya a shago ɗaya ba, tana son ta taya nan ta taya can. Je ka ranar Alhamis, ranar kasuwar, ka gani. Cefanen yau da kullum ne ya koma unguwa, don ba wanda zai biya kabu-kabu zuwa da dawowa saboda mudun gari.

Mai son sayen fili a can, me zai kula da shi?

Takarda. Yawancin filayen gonakin gado ne. Magaji ɗaya ya sayar, gobe 'yan'uwansa su ce ba da saninsu ba, ko fili ɗaya ya fito da mai shi biyu. Kada maganar dillali ta ishe ka. Je ka ma'aikatar magajin gari a tabbatar an yanka wurin bisa ƙa'ida, kuma ba kan hanya ko filin makaranta ya faɗa ba. Ka kuma je ka ga wurin da damina, cikin Agusta, ka san inda ruwa ke kwanciya.

Me zai iya taka wa wannan bunƙasa birki?

Iyakar Najeriya na ɗaya. Kayan shagunan nan da yawa daga Kano suke zuwa, ta Magarya ko Matamai. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar 2023, kowane mai tireda ya ji a jikinsa.

Amma babbar matsalar ruwa ce, kuma tsohuwa ce. Garin a kan dutse yake, rijiya ba ta ba da haɗin kai, ƙarancin ruwa ma yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mayar da shi Yamai a 1926. Ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. A sababbin unguwanni gini yakan riga bututu isowa, shi ya sa mai gidan abinci da mai wankin mota ke lissafin kuɗin ɗan ga-ruwa tun kafin su tambayi kuɗin haya, musamman in bazara ta kama.