Shekara 75 ba kora ba ce: abin da dokar cocin Katolika ta ce kan ritayar fada

Da zarar an ji cewa fada, wato limamin Katolika, da ya daɗe yana riƙe da ikilisiya zai huta, sai magana ta cika gari. A nan Maraɗi, inda Kiristoci ba su da yawa kuma kowa ya san kowa, kafin a tashi daga sujadar Lahadi labarin ya kai unguwar Zariya ya dawo Sabon Gari. Wani ya ce korarsa aka yi, wani ya ce laifi aka gano ana rufawa, wasu kuma har sun fara haɗa sunayen wanda za su “zaɓa”. Duka ukun babu wanda ya yi daidai da doka.

Dokar tana cikin kundin dokokin cocin Katolika da Paparoma Jean-Paul na Biyu ya fitar a 1983, sashe na 538. Ba ta shafi fastocin EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) ko na sauran majami'un bishara ba; su kowace ƙungiya da nata tsarin mulkin. Ta shafi fadan da bishop ya damƙa wa ikilisiya, a ko'ina cikin dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop yake kula da shi, wanda aka kafa a 2001 kuma ya haɗa har da Damagaram, Tawa, Agadas da Difa.

Abin da sashen ya ce shi ne, idan fada ya cika shekara 75, ana roƙonsa ya miƙa wa bishop takardar murabus. Iyakar abin da ke kansa ke nan. Ranar da ya cika shekarun ba ta sauke shi, miƙa takardar ma ba ta sauke shi. Bishop ne zai duba lafiyar mutumin da halin da wurin yake ciki, sannan ya karɓa ko ya jinkirta. Akwai ma wani sashe, na 189, da mutane ba su cika sani ba: murabus ɗin da yake jiran amincewa, idan wata 3 suka wuce ba a karɓe shi ba, ya faɗi. Wato fada zai iya rubuta takardarsa bana, a same shi baɗi yana nan kan aikinsa da cikakken iko, kuma babu wata doka da aka taka. A dayosis mai faɗi haka da ƙarancin ma'aikata, jinkirin ba abin mamaki ba ne.

Masu cewa “ai da ba laifi da ba a taɓa shi ba” sun haɗa hanya biyu da ba su gamu ba. Cire fada daga ikilisiya yana da nasa babi, daga sashe na 1740, da dalilai da bincike da damar kare kai. Murabus na tsufa ba ya bi ta nan. Ƙa'idar shekara 75 ɗin ma tun 1966 take, zamanin Paparoma Paul na Shida, kuma bishop da kansa tana kansa: sashe na 401 ya ce shi ma ya miƙa tasa takardar ga Paparoma. Wanda ya huta kuma bai daina zama fada ba. Riƙon ikilisiya ya ajiye, naɗin da aka yi masa yana nan.

To ina hukunci? Sashe na 538 bai yanka wa wanda ya yi nawa wajen rubuta takardar wani horo ba. Inda horo yake shi ne idan an riga an karɓi murabus, mutum ya ƙi sakin kujera. Dokar ta ɗauki wannan daidai da ƙwacen muƙami, ta ce a hukunta shi gwargwadon laifin. Don haka masu zuga dattijo da “Baba, kada ka tafi, mu muna bayanka” su sani ba gata suke yi masa ba.

Maganar zaɓe kuwa, babu ita. Sashe na 523 ya ba bishop ikon naɗa sabon fada. Na 524 ya ce ya yi bincike, ya saurari wasu fadoji da wasu daga cikin jama'a idan ya ga ya dace. Majalisar ikilisiya shawara kawai take bayarwa. A nan ne ni dai nake ganin dokar ta rage wa jama'a. Matan zumunta da malaman katikizim (masu koyar da addini) da suka yi shekaru suna ɗauke da majami'a a ka, jin ra'ayinsu ya rataya ne kan “idan ya dace”. Amma rashin gamsuwa da wannan ba ya mai da shawara ƙuri'a, kuma tara sa hannu ba ya ɗaure bishop.

Idan sabon bai samu da wuri ba, ana naɗa mai riƙon ƙwarya. Yana yin aikin fada, sai dai an hana shi duk abin da zai cutar da dukiyar ikilisiya, kuma zai ba da lissafi ranar da ya gama. Dukiyar nan ta ikilisiya ce a idon doka, ba ta fada ba, ko da shi ya nemo kuɗin ginin daga abokansa na Faransa ko Italiya, muddin da sunan ikilisiya aka bayar. Shi ya sa sashe na 1283 ya wajabta rubutaccen jerin kaya kafin sabo ya kama aiki.

Ƙarshen sashe na 538 ya ɗora wa bishop nauyin samar wa wanda ya huta wurin zama da abin rayuwa da ya dace. Bai faɗi jika nawa ba, bai kuma ce dole a bar shi a gidan fada ko a garin da ya yi aiki ba. Wanda yake ɗan wata ƙungiyar mishan, galibi ƙungiyarsa ce take kula da shi, tana iya kiransa gida. Duk mai son dattijon, wannan tambayar ta inda zai zauna da wanda zai biya kuɗin maganinsa ita ya kamata ya kai gaban majalisar ikilisiya tun kafin ranar ban kwana.