Tambayoyin da na gaji da amsawa kan haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba

Kullum tambayoyin nan ne, sai ka ce baki aka haɗa. To, ga amsoshin wuri ɗaya.

Mece ce 1/35 da ake rubutawa a jikin kwali?

Ma'auni ne. Tankar gaske aka raba girmanta gida 35, don haka soja mai tsayin santimita 175 ya koma santimita 5. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya sa ma'aunin ya karɓu ga tankoki. Masu jiragen sama sun fi bin 1/72 da 1/48.

Zan iya haɗawa da sufa gulu?

Na sassan ƙarfe ne wannan. Roba tana da nata gam da ke narkar da bakinta ya haɗe.

Na zuba tsatsa ko'ina, amma tankar ba ta yi kama da ta gaske ba.

Ina za ta yi kama? Malam, tankar da ke bakin daga ba motar da aka yasar a garejin kanikawa ba ce. Sojojin da ke cikinta da ita suke kare rayukansu, suna kula da ita. Tsatsa tana bututun hayaƙi da sarƙar safaya da aka rataya. Haƙoran sarƙar da ke taka ƙasa ma sheƙi suke saboda gugar yau da gobe. Har na ga wanda ya shafe motar sulke M113 ta Amurka da tsatsa, alhali jikinta alminiyom ne. Ka duba hotunan gaske kafin ka taɓa burushi.

Sai na sayi na'urar feshi?

Ba dole ba. Ka tsinka fenti, ka shafa sau biyu ko uku da burushi mai laushi.

Na shafa baƙin ruwan da ke fito da lunguna, sai fentin ƙasa ya kumbura ya saɓule. Me ya faru?

Nan kam sai a zauna. Galibi tina, wato ruwan tsinka fenti, da ka dama ruwan da ita ce ta ci fentin ƙasa, domin fentin inamel kan fentin inamel ba sa zama lafiya: abin da ya narkar da na sama shi zai narkar da na ƙasa. Shi ya sa yawancinmu muke fara shafa fentin akirilik, mu bi da banish mai sheƙi, sannan ruwan inamel ko fentin mai ya biyo baya. Na ce galibi, ban ce kullum ba. Wani ya bi tsarin nan daidai amma ya yi gaggawa. Akirilik yakan bushe a hannu cikin mintuna, alhali cikinsa bai ƙanƙame ba, ni dai nakan ba shi kwana ɗaya ko biyu, da damina ma fiye. Wani kuma tinar masu fentin mota ya sayo, ita kuwa har robar take ci. Mai yiwuwa kuma ba ka wanke sassan da ruwan sabulu ba, maiƙon hannu ya hana fentin kamawa tun farko. Ba zan iya ce maka ga naka ba sai na gani. Sannan ko fenti bai saɓule ba, in tina ta taru a mahaɗa takan sa roba ta tsage, musamman siraran sassa da sarƙar da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi wa tankar wanka. Ka ɗiga da bakin burushi, ruwan ya bi layi da kansa, ka goge rarar. Ka fara gwadawa a cikin tankar inda ido ba ya kaiwa. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba ta lalace ba, ana kankare fenti a sake.

Wane launi tankokin Jamus?

Wace shekara? Toka mai duhu a farkon Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, rawaya mai duhu daga Fabrairun 1943.

Ƙura tana manne wa fentina.

Da hunturu kake fenti taga a buɗe, me kake jira? Ka kifa kwano a kai har ya bushe.

Yashin ƙofar gida zai yi wajen shimfiɗa filin daga?

Sai ka tankaɗe da rariya. Tsakuwa mai milimita 2 dutse ne mai santimita 7 a wannan ma'auni. Ka kama shi da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, launin ƙasar kuma ya hau ƙafafun tankar da takalman sojoji, in ba haka ba za su yi kamar ɗora su aka yi.

Ina son filin yaƙin Bama (Myanmar ta yanzu) da kakanninmu suka je. Wace tanka zan sa?

Madalla da niyya, amma in Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma kake nufi a kwarin Kaladan a 1944, ajiye tankar. A ka suka ɗauki kayansu cikin ƙungurmin daji, jirage na jefo musu abinci daga sama. Aikinka na kan bishiyoyi da laka da masu dako.